Riba mai kauri ko kasuwa mai faɗi?

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tarar da gardama ta kaure tsakanin wasu ƴan kasuwa biyu a layin masu sayar da wayar salula, nan cikin Maraɗi. Ɗayan dattijo ne wanda ya yi fataucin atamfa da sukari tun kafin a san wani abu wai shi salula. Ɗayan kuwa saurayi ne, ɗan ƙaninsa, wanda bai fi shekara uku da buɗe rumfa ba. Dattijon yana faɗa, yana cewa yaron ya ɓata layi, domin yana sakin waya a kan ribar da ba ta isa kuɗin shayi ba. Shi kuwa yaron, cikin ladabi, kansa a sunkuye, ya ce: "Baba Alhaji, ku gafarce ni, amma wayar da kuka ajiye tun watan azumi ga ta can cikin gilashi, ni kuwa tun daga lokacin na yi sari sau shida." Aka yi dariya, aka watse, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

Na dawo gida ina juya maganar, domin gardamar nan ba a rumfar Maraɗi ta fara ba. Ita ce ta hana shugabannin manyan kamfanonin ƙera waya barci tun daga 2007, shekarar da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone. Tambayar guda ce: ka ci riba mai kauri a hannun mutane kaɗan, ko kuwa ka rage ribarka har ta zama kamar fatar albasa domin wayarka ta shiga kowane aljihu? Akwai kamfanonin da amsar wannan tambaya ta ɗaukaka, akwai kuma waɗanda ta binne, kuma tun da kuɗinmu ne, na ɗan kasuwa da na ma'aikaci, ke tafiya can kowane wata, ya kamata mu san yadda aka yi.

Mu fara da alkaluman da ke ɗaure wa mutane kai. Bisa lissafin kamfanin bincike na Counterpoint, a shekarar 2022 Apple ya sayar da kashi 18 cikin 100 na manyan wayoyin komai-da-ruwanka da aka fitar a duniya. Amma ya kwashe kashi 48 na dukan kuɗin cinikin, sa'an nan, abin mamaki, ya kwashe kashi 85 na ribar. Watau in an jera waya ɗari, goma sha takwas kaɗai ke nasa, alhali in an kasa ribar gida ɗari, tamanin da biyar ke shiga taskarsa. Sauran kamfanonin duniya, da Samsung na Koriya ta Kudu da dukan na ƙasar Sin, su ne ke rabon gida goma sha biyar ɗin da suka rage, kuma mafi yawansu Samsung ke ɗauka.

Da Alhajin nan ya ji wannan, na tabbata zai buga ƙirji ya ce ga shaidarsa. To, sai dai a yi hattara. Apple ba don ya ƙi saukar da farashi yake cin wannan riba ba. Yana ƙin saukarwa ne domin yana da abin da ba a samu a wata rumfa. Manhajar da ke tafiyar da iPhone tasa ce shi kaɗai, ba ya ba kowa aro. Ƙwaƙwalwar da ke cikin wayar shi ke zana ta tun daga 2010. Ko masana'antar harhaɗawa bai damu ya mallaka ba, ya bar wa ƴan kwangila irin su Foxconn wannan wahala mai ƙaramar riba. Bayan haka, wanda ya sayi wayar bai gama biya ba: duk manhajar da ya saya a shagon App Store, Apple na da la'adarsa, wadda takan kai kashi 30 cikin 100. A gaban kotu a Amurka aka bayyana cewa kamfanin Google ya biya Apple dala miliyar 20 a shekarar 2022 kaɗai, don kawai a bar Google a matsayin wurin bincike na farko a wayoyinsa. Ribar wannan sashe na hidimomi ta haura kashi 70 cikin 100. Wanda ya riƙe ƙofa da makulli haka, shi ke yanka farashi. Mai rumfa wanda ke sayar da wayar da maƙwabtansa ashirin ke sayarwa, mai launi ɗaya, cikin kwali ɗaya, ba shi da makullin komi. In ya ce zai kwaikwayi Apple, abin da zai samu shi ne kwantai.

Haka kuma yaron kada ya yi saurin murna, domin akwai labarin Nokia. Wa ya manta da Nokia? A ƙarshen 2007 wannan kamfani na ƙasar Finlan yana riƙe da wajen kashi 40 cikin 100 na kasuwar wayar hannu ta duniya baki ɗaya. Ƙaramar wayarsa mai tocila, Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, an sayar da kimanin miliyan 250 daga cikinta. Babu ƙauyen da ba ta shiga ba, daga Ƙonni har Gure. In yawan masu saye ganuwa ne, to babu birnin da ya kai na Nokia tsaro. Amma cikin shekara shida ganuwar ta rushe. Da iPhone ta zo, sa'an nan wayoyin Android suka biyo baya a 2008, sai jama'a suka gane cewa abin da suke so ba ya cikin tsohuwar manhajar Nokia. A 2013 aka sanar da sayar da sashen wayoyin ga Microsoft a kan yuro miliyar 5.44, kuma a 2015 shi Microsoft ɗin ya rubuta asarar dala miliyar 7.6 a kan wannan ciniki. Miliyoyin mutanen da suka riƙe Nokia ba su yi mata rantsuwa da Alƙur'ani ba. Ran da suka ga abin da ya fi, suka juya, ba ko sallama.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya a tsakiya, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. LG na Koriya ta Kudu ya taɓa zama na uku a duniya a 2013. Wayoyinsa ba su kai na Apple daraja a idon masu kuɗi ba, ba su kuma kai na Sinawa araha ba. Ya yi kusan shekara shida yana faɗuwa, asarar ta kai wajen dala miliyar 4.5, har a watan Afrilu na 2021 ya ce ya haƙura, ya rufe sashen. HTC na Taiwan da BlackBerry na Kanada su ma labarinsu bai yi daɗi ba.

Yanzu mu zo ga wayar da ke cikin aljihun mafi yawan masu karanta wannan jarida. Tecno, itel da Infinix duka ƴaƴan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006. Abin lura game da shi, ba ya sayar da wayoyinsa a ƙasar Sin inda aka haife shi. Ya duba ya ga manyan kamfanoni suna kawo wa Afirka ragowar abin da aka ƙera don wasu, sai shi ya zo ya zauna, ya tambaya, ya saurara. Ya ga mutum ɗaya na yawo da layi biyu ko uku, domin kira daga wannan kamfani zuwa wancan yana da tsada, kuma inda wannan layi ke kamawa wancan ba ya kamawa. Sai ya yi waya mai ɗaukar layi biyu, har da mai huɗu. Ya ga wuta ba ta zama. Sai ya sa batir mai daɗewa. Ya ga kyamarorin da ake da su suna mayar da baƙar fuska inuwa. Sai ya gyara tasa don ta fito da mu yadda Allah ya yi mu. Ya sa Hausa da Amharik da Suwahili cikin wayar. Ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011, ya kafa shagunan gyara masu suna Carlcare, ya shafe bangon kasuwanni da fentin talla tun daga Legas har Yamai. A 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, a 2019 ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai, a 2023 ya shiga sahun biyar na farko a duniya, kuma a shekarun 2023 da 2024 kusan rabin manyan wayoyin da aka sayar a nahiyar nan nasa ne. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Wannan nasara ce ta gaske, kuma ni ina cikin masu yaba ta, domin ita ta kai intanet hannun malamin makarantar ƙauye da mai sayar da albasa a Galmi. Amma mu dubi abin da ya biyo baya. Da sauran kamfanonin Sin suka ga akwai nama a Afirka, sai Xiaomi da Realme da Oppo da Honor suka shigo, da farashi irin nasa. A 2024 kamfanin Qualcomm na Amurka ya kai shi ƙara a Indiya a kan haƙƙin fasaha. Kuɗin kayan haɗi ya tashi. A rabin farko na 2025 ribar Transsion ta faɗi da fiye da rabi in an gwada da rabin farko na 2024. Bai rasa kasuwarsa ba, wayoyinsa na nan ko'ina; ribar ce ta zube. Mai siririyar riba ba shi da bargon rufa in sanyi ya zo, kuma sanyin bai wuce ba: a ƙarshen 2025 farashin ƙwayoyin ajiyar bayanai ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe su. Ƙarin dala goma a kan wayar dala dubu ba a jinsa. Ƙarin dala goma a kan wayar dala tamanin kuwa, ko dai mai saye ya biya, ko kamfani ya haɗiye, ko a rage wani abu cikin wayar ba tare da an faɗa ba.

A nan ne nake so ma'aikaci ya buɗe kunne, shi da ke jiran ƙarshen wata ya cire jika hamsin ko sittin ya saya wa kansa ko uwargida waya. Kamfani ba gidan sadaka ba ne. In ya rage riba a ƙofar gaba, yana da ƙofar baya. Lei Jun, shugaban Xiaomi, ya yi alkawari a 2018 cewa ribar kamfaninsa a kan kayan da yake ƙerawa ba za ta taɓa wuce kashi 5 cikin 100 ba. Jama'a suka tafa. To, ina yake cin abinci? A tallace-tallacen da ke faɗo maka a fuskar waya, da wasanni, da manhajojin da ka tarar a ciki ba kai ka sa ba. Transsion ma haka: Boomplay na kiɗa da waƙa a cikin wayar kake tarar da shi. Kowane talla da ya buɗe, kuɗin intanet ɗinka yake ci, wanda ka saya da guminka. Wani lokaci abin yakan wuce talla. A 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka bayyana cewa sun gano dubban wayoyi samfurin Tecno W2, a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru da Masar, ɗauke da muguwar manhaja tun daga cikin kwali, mai ƙoƙarin yi wa mutum rajistar hidimomin biya ba da saninsa ba. Kamfanin ya ce laifin wani ne daga cikin masu kawo masa kayan haɗi, ya kuma ce ya gyara. Ko da mun karɓi wannan bayani, tambaya na nan: wanda ke ƙirga kowace dala wajen sayen kayan haɗi, nawa ya ware don binciken abin da ake kawo masa? Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Mu koma rumfa, mu yi lissafi irin namu, da misali kawai. A ce mutum biyu kowanne na da jarin miliyan ɗaya. Na farko ya saro waya 20 a kan jika 50 kowace, yana ɗora jika 2 da rabi. In ya sayar duka ya ci jika 50, in kuwa ya juya kuɗin sau biyu a wata, ya tashi da jika 100. Na biyu ya saro manyan wayoyi 2 a kan jika 500 kowace, yana ɗora jika 50. In ya sayar ya ci jika 100, amma in sai ya yi wata biyu kafin masu saye su zo, ribarsa ta wata jika 50 ce. Ribar na biyu a kan kowace waya ta ninka ta na farko sau ashirin, amma na farko ya fi shi kai kuɗin cefane gida. Wannan shi ne abin da yaron ke nufi, kuma yana da gaskiya. Ƙari a kan haka, waya ba atamfa ba ce. Turmin atamfa kan yi shekara a kanti darajarsa na nan, wani lokaci ma ta ƙaru. Waya kuwa kamar tumatir take: ran da sabon samfuri ya fito, na jiya ya faɗi, ko ba a buɗe kwalinsa ba.

Amma ga inda Alhaji ke da tasa gaskiyar. Cikin wayoyin nan 20, in guda ɗaya ta dawo da matsala kuma wanda ya sarar maka ya ƙi karɓa, jika 50 ta tafi, watau ribar zagayen gaba ɗaya. In guda ta ɓace a hanya, haka. In ka ba abokin aiki bashi ya ce sai albashi ya fito, albashi kuwa ya yi jinkiri, kuɗinka ya daina juyawa, lissafin sau biyu a wata ya rushe. Su dattawan nan sun ga abin da yara ba su gani ba. Sun ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya: wanda ya sayar da kayansa da araha ran jajibiri, da ya koma sari sai ya tarar kuɗinsa rabin kaya kaɗai ke saye. Mu ma mun ga namu: rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, faɗuwar naira bayan Yuni 2023, da toshewar hanyar Kwatano bayan Yuli 2023, wadda ta sa kaya zagayawa ta Lome da Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗin mota. Ribar kashi 5 cikin 100 ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai irin wannan riba yana tafiya ne a kan siraɗi, kuma ba kamar Transsion ba, shi ba shi da kasuwar hannun jari ta Shanghai a bayansa.

Abin da na ga duka biyun sun manta shi ne ƙofar baya. In manyan kamfanoni sun gane cewa wayar kanta ƙugiya ce, abincin yana cikin abin da ke biyo ta, me ya hana mai rumfa ganewa? Caja, da rigar waya, da gilashin kariya, da abin saurare, da canjin batir, da gyaran fuskar da ta fashe, duk mai sana'ar ya san ribarsu ta fi ta wayar nesa ba kusa ba in an auna da jarin da aka zuba. Wanda ya sayar maka da waya da rangwame, sa'an nan ya karɓe ta da fara'a ran da ta samu matsala, ya sa yaronsa ya gyara, wurinsa za ka koma, wurinsa za ka aiko ƙanenka. Wannan kaɗai ne makullin da ɗan ƙaramin ɗan kasuwa zai iya ƙerawa da hannunsa. Yawan masu saye da araha kaɗai ta tara, gobe wani ya rage dala ɗari ya kwashe su, kamar yadda aka yi wa Nokia.

Akwai kuma wani nau'in karya farashi da ba na yabo ba, kuma ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa su sa masa ido. Shi ne na mai babban jari da ke sayarwa ƙasa da yadda ya saro, wata uku ko huɗu, da gangan, har ƙananan rumfuna su mutu, sa'an nan ya mayar da farashi inda ya ga dama. Ma'aikacin da ya yi murnar arahar watannin farko shi zai biya bashinta daga baya, ba tare da yana da wata rumfar da zai je ba.

Saura gwamnati, wadda ita ma, ko ta sani ko ba ta sani ba, tana gaban wannan tambaya. Duwan na iya ɗora haraji mai nauyi a kan kowace waya, ya karɓa daga ƴan kaɗan da suka bi ta ƙofa. Yana kuma iya sassautawa ya karɓa daga kowa. Waya ba buhun siminti ba ce. Jakar hannu guda na ɗaukar jarin miliyoyi, kuma tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Daura da Matamai, hanyoyin babur sun fi a ƙirga. Muddin abin da ake biya a bakin iyaka ya fi ribar da ke cikin kayan, ɗan kasuwar da ya biya ba zai iya zama layi ɗaya da wanda bai biya ba: ko dai ya rufe, ko shi ma ya bi ta daji. Ta haka baitulmali ke rasa kuɗi, mai gaskiya ke rasa ciniki, mai saye kuma ke tashi da wayar da ba ta da takarda, ba wanda zai kama in ta mutu bayan sati biyu. Ma'aikatan ma'aikatar kuɗi da ke karanta wannan shafi sun fi ni sanin alkaluman. Abin da nake roƙo shi ne a fito da su fili: waya nawa ne duwan ya rubuta sun shigo ƙasar nan a shekara, layi nawa ne kuma kamfanonin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms suka ga sun kunnu cikin sababbin wayoyi a wannan shekarar. A ajiye lambobin biyu gefe da gefe a gaban ƴan kasuwa da ƴan jarida kafin a rubuta dokar kasafin kuɗi mai zuwa.